Mayar da tsohuwar motar kaya ɗakin kwana mai wutar sola: da me ake farawa?

Musbahu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya ce ga masana. Idan mutum yana da tsohuwar motar kaya mai rufi, irin su Ford Transit ko Sprinter ko doguwar Hayis, yana so ya mayar da ita ɗaki mai gado da wurin girki da ruwa da wutar sola, yadda mutum biyu za su yi kwana uku ko huɗu a inda babu wuta babu famfo, da me zai fara? Aikin katako ko wayarin?

Baba Ilu Makanike: Wa alaikumus salam. Ba ko ɗaya, ɗana. Ka fara kai motar kan sikelin manyan motoci, tanki cike da mai, kai kuma kana zaune a ciki. A jikin ginshiƙin ƙofa ko ƙarƙashin bonet akwai ɗan allo da aka rubuta iyakar nauyin motar gaba ɗaya, da na ƙafafun gaba daban, na baya daban. Yawancin irin waɗannan motoci kilo 3,500 ne iyakarsu, Hayis galibi ba ta kai haka ba. In sikeli ya nuna 2,200, to 1,300 ya rage maka, kuma a ciki za ka cire abokin tafiya, ruwa, batir, katako, tukunyar gas da kayanku. Wannan lambar ce za ta faɗa maka kaurin katakon da za ka saya da girman tankin ruwa. Motar da aka yi wa lodi fiye da ƙima birkinta ba ya kamawa da wuri, sifirin yana kwanciya, taya tana zafi har ta fashe.

Bayan sikeli sai inji. Bel na tayimin, ledar birki, lagireto, yoyon mai, duk a gama da su kafin a kafa ƙusa ɗaya. Tayoyi kuma ka duba lambobi huɗun nan na gefensu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2317 na nufin mako na 23 a 2017. Tayar da ta wuce shekara shida a canza ta ko da zanenta bai cinye ba, kuma a sa mai harafin C, ta motar kaya.

Oga Sale Mai Walda: Baba ya faɗi gaskiya, sai dai ya bar mini nawa, wato tsatsa. A kwashe duk katakon ƙasa da robobin bango, a bar ƙarfe tsirara. Wuraren da ta fi ɓuya: saman tayoyin baya, ƙasan ƙofar gefe, matakin shiga, kewayen gilashin gaba, da ramukan ƙusoshin tsohon daɓe. Ka ɗauki sukurudireba ka danna. In ya shige, wurin na yanka ne da walda, ba na shafe-shafe ba. In tsatsar sama-sama ce, a goge da giranda har ƙarfe ya yi fari, a shafa maganin tsatsa, a bar shi ya bushe, a sa fenti na farko mai zinc, sannan fenti na sama. Wanda ya rufe tsatsa da soso da katako ba zai sake ganin ta ba sai ranar da ƙasa ta huje.

Musbahu: Na gode Baba, na gode Oga. To ramukan fanka da taga fa, yaushe ake yankawa?

Oga Sale Mai Walda: Nan take bayan tsatsa, tun ciki yana fili. Fankar rufi yawanci ramin santimita 40 da 40 take so, wasu na Amurka inci 14 da 14, don haka kada ka yanka sai fankar tana hannunka. Ka auna tsakanin haƙarƙarin rufin, kada ka yanke ko ɗaya, su ne ke riƙe da bodi. A manna tef kewaye da layin don kada ƙafar zarto ta kankare fenti, a huda kusurwa huɗu, a yanka a hankali. A rataya leda daga ciki ta tare garin ƙarfe, na saman rufin kuma a share shi a take, domin raɓar dare ɗaya ta isa ta mayar da shi ɗigo-ɗigon tsatsa a kan fenti. A goge bakin ramin, a yi masa fenti. Daga ciki a yi firam na katako wanda ƙusoshin za su kama, don ƙarfen rufi bai kai milimita ɗaya ba, ba ya riƙe komai. A ƙarƙashin leɓen fankar a shimfiɗa tef na butyl, wato tef ɗin roba mai danƙo da ke tare ruwa, inda rufin ya yi kwari a ninka shi, sannan a bi kan ƙusoshi da gam irin Sikaflex. Silikon na banɗaki ba ya jure rana da girgiza. Da an gama a sa tiyo a kwarara ruwa minti goma, wani yana ciki da tocila.

Injiniya Rabi: Kafin a shiga maganar rufe bango, Malam Musbahu, zauna ka yi lissafin wuta, don shi ne zai nuna inda wayoyi za su bi. Kowane abu ka ninka ƙarfinsa da awannin da zai yi aiki a rana. Firji mai kwamfureso na 12V yana jan kamar 45W, a lokacin zafi yana aiki awa 12 a rana, 540Wh ke nan (Wh shi ne W da aka ninka da awanni). Fanka 20W na awa 10, 200Wh. Fitilu huɗu masu 3W na awa 5, 60Wh. Famfon ruwa 60W na minti 15, 15Wh. Cajin wayoyi biyu da kwamfuta, a ce 120Wh. Jimla 935Wh. Ka ƙara abin da ke salwanta a waya da caja, ka ɗauka 1,100Wh a rana.

Batirin lithium irin LiFePO4 mai 100Ah (Ah shi ne awon girman batir) yana ɗauke da 1,280Wh, kuma za ka iya shan kusan 1,100 a ciki. Yini ɗaya ke nan cif. In kana son kwana biyu ko da hadari ya rufe rana, 200Ah za ka sa.

Malam Habu Rewaya: Injiniya, a yi wa AGM adalci, wato batirin gubar nan rufaffe da ba a ƙara masa ruwa. Ba ya buƙatar wata na'urar kariya a ciki kamar lithium, kowane rewaya ya san shi, kuma yana karɓar caji a sanyi. Lithium in sanyi ya kai ƙasa da digiri sifili ba a yi masa caji, in aka matsa ya lalace. Ba kowa ne zai iya fara aiki da mai tsada ba.

Injiniya Rabi: Haka ne Malam Habu, amma koma kan lissafin Baba Ilu. AGM rabinsa kawai ake sha in ana so ya yi ƙarko. Don ka samu abin da lithium 200Ah ke bayarwa sai ka jera AGM huɗu masu 100Ah, kowanne kusan kilo 30, kilo 120 ke nan, a inda lithium bai wuce kilo 25 ba. Ga shi AGM yana son a cika shi taf a kai a kai, in yana kwana rabi-rabi yakan mutu da wuri, kuma haka rayuwar sola take. Maganar sanyi kuwa, a ajiye batirin cikin ɗaki, a sayi wanda na'urar kariyarsa ke yanke caji da kanta. Zafi ma yana tsufar da shi, kada a kafa shi a saman salansa ko a akwatin da iska ba ta shiga.

Malam Habu Rewaya: A kan nauyi na sallama. Amma wanda zai sa lithium ya ji wannan da kyau: kada ya haɗa shi da altaneta ta rile kawai kamar yadda ake yi wa batirin gubar. Lithium da ya yi ƙasa yana zuƙar duk abin da aka ba shi, altaneta kuma in inji yana sulo ba ta samun iskar da za ta huce, sai ta ƙone. A sa caja ta DC-DC a tsakani, mai 30A ta isa, ita ce ke ƙayyade abin da za a ja. Awa ɗaya ta tuƙi za ta zuba kusan 400Wh. Sababbin motoci ma altanetarsu tana rage wuta da kanta don tsimin mai, rile ba ya aiki daidai a kansu ko da AGM ne.

Musbahu: Farantin sola nawa ke nan zai cika 1,100Wh ɗin?

Injiniya Rabi: Abin da aka rubuta a bayan faranti a ɗakin gwaji aka same shi, a digiri 25. A kan rufin mota faranti a kwance yake, yana zafi, yana ƙura. Ka ninka ƙarfinsa da awannin rana mai ƙarfi, sannan ka ɗauki kashi 70 cikin ɗari. 300W a awa 5 zai ba ka 1,050Wh, ya ɗan gaza ke nan. 400W zai ba da 1,400Wh, da sarari. Ranar da hadari ya rage maka zuwa awa 2, wannan 400W ɗin 560Wh zai bayar, a nan cajar Malam Habu take ceto. Kowane digiri sama da 25 yana cin kusan kashi 0.4 cikin ɗari, faranti mai digiri 65 ya yi asarar kashi 16. Shi ya sa ake barin tazarar santimita 3 zuwa 5 a ƙarƙashinsa iska ta ratsa. Masu lanƙwasa da ake mannawa kai tsaye a rufi suna da kyan gani, amma zafi yana kashe su da wuri.

Na'urar cajin da ke tsakanin faranti da batir a sayi irin da ake kira MPPT, mai 100V da 30A ta ɗauki 400W. Ana fara haɗa ta da batir, sannan faranti, wajen kwancewa kuma faranti ake fara cirewa. In an haɗa faranti biyu a layi ɗaya, wato wutar ɗaya tana bi ta cikin ɗayan, waya siririya ta isa, amma inuwar murfin fanka a kan ɗaya tana rage duka biyun. In rufin yana da abubuwan da ke yin inuwa, a haɗa su gefe da gefe, wato kowanne wutarsa na bin hanyarta, a ƙara kaurin waya.

Hajiya Binta: Injiniya, tambayar da kowa ke yi: AC fa?

Injiniya Rabi: Hajiya, ƙaramar AC tana jan kamar 700W. Awa 8 na dare 5,600Wh, fiye da batir huɗu masu 100Ah, kuma rufin ba shi da filin farantin da zai mayar da su washegari. Da wannan tsarin ba za ta yiwu ba. Farin fenti a rufi, labulen da ke mayar da hasken rana a gilashin gaba, fanka tana fitar da iska ta sama, taga a buɗe a ƙasa ta ɗaya ƙarshen, su ne abin yi.

Malam Habu Rewaya: Bari in yi maganar waya, don a nan gobara take. A 12V wutar da ke bi ta waya tana da yawa. Inbata mai 1,000W tana jan sama da 90A daga batir, wayarta 35mm², gajeriya, kada ta wuce mita ɗaya da rabi, da fiyus na 125A. Fiyus waya yake karewa, saboda haka girmansa yana bin kaurin waya, kuma na farko yana zama dab da kan batir, cikin santimita 18. Duk wayar da ta fita daga batir ba fiyus, in ta goge a jikin ƙarfe, babu abin da zai tsayar da ita sai ta yi ja.

Ga lissafin raguwar wuta: tsawon waya sau biyu, a ninka da amfiya, a ninka da 0.0175, a raba da kaurin waya. Abu mai jan 10A a nisan mita 5, da waya 2.5mm², zai rasa 0.7V, kusan kashi 6 cikin ɗari. Da 6mm² asarar ta koma 0.29V. Ana son kada ta wuce kashi 3. Firji da yawa da ake cewa sun lalace siririyar waya ce, kwamfureso zai yunƙura ya tashi, wuta ta faɗi, ya mutu, ya sake yunƙurawa. Araha ba ta ado a nan. A yi amfani da waya mai silli-silli, ta jan ƙarfe zalla. Wayar gida mai silli ɗaya girgiza tana karya ta. Kan waya a matse shi da abin matsewa na gaskiya, kada a yi dalma, don dalma tana sandarar da wurin ya tsinke. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa zoben roba. Inbata kuma a kashe ta in ba a aiki da ita, zaman banza kaɗai tana iya shan 10W, a yini 240Wh.

Kafinta Ɗanlami: To mu zo bango. Farko a manna tabarmar butyl mai kashe ƙara a tsakiyar faffaɗan ƙarfe, kashi ɗaya cikin huɗu na wurin ya isa, rufe ko'ina ƙarin nauyi ne kawai. Sannan abin tare zafi, sannan leda a rufe duka don kada tururi ya kai ga ƙarfe, sannan filawud.

Hajiya Binta: Malam Ɗanlami, a kan ledar nan ban yarda ba. A gini tana aiki. A mota akwai ramukan ƙusa, na fitilu, na wayoyi, ga ƙofofi, ba yadda za a yi ta rufu ruf. Tururi zai sami hanyar shiga, ya taɓa ƙarfe mai sanyi ya zama ruwa, ledar kuma ta hana shi fita. Kuma tururin ba kaɗan ba ne. Mutum biyu da numfashinsu da guminsu suna fitar da kusan rabin lita a dare, kilo ɗaya na gas in ya ƙone yana ba da ruwa kilo 1.6. Abin da ya fi shi ne baƙin soso marar shan ruwa irin Armaflex, milimita 19, a manna shi a jikin ƙarfe ba tare da an bar iska a bayansa ba. In iska ba ta taɓa ƙarfe ba, bango ba zai yi gumi ba.

Kafinta Ɗanlami: Hajiya, cikin ginshiƙai fa, inda hannu ba ya shiga balle a manna?

Hajiya Binta: A nan a tura abin da ke barin danshi ya fita, audugar roba irin Thinsulate ko ulun tumaki, sako-sako, kada a danna. Audugar gilashi kada ta shiga mota, tana riƙe ruwa, girgiza kuma tana zubar da ita ƙasa. Kumfar gwangwani ma a yi hattara, tana kumbura ta turo bodi waje, ta toshe ramukan da kamfani ya bari a ƙasan ƙofofi don ruwa ya tsiyaye.

Kafinta Ɗanlami: Ni dai a inda sanyi ke da tsanani ina ganin leda da aka manne da kyau tana da amfani, amma na yarda rabin aiki ya fi rashinta muni. A daɓe ba mu da saɓani: sandunan katako a manne da gam, allon PIR mai tare zafi milimita 25 a tsakaninsu, filawud milimita 12 a sama.

Kayan ɗaki kuma a kula da nauyi. Falle ɗaya na 122 da 244, MDF milimita 18 kusan kilo 40 ne, kuma yana kumbura in ya sha ruwa. Filawud na poplar milimita 15 bai kai kilo 20 ba. In aikin zai ci falle goma, bambancin kilo 200 ne. Bangon mota ba miƙaƙƙe ba ne, a fara yanka kwali a gwada lanƙwasar kafin a taɓa katako. Gado a bar santimita 90 daga katifa zuwa rufi don a iya zama. Fiat Ducato da 'yan'uwanta Peugeot Boxer da Citroën Jumper suna da faɗin da mutum zai kwanta a gicciye, Sprinter ta fi su matsi. Ƙarƙashin katifa a yi shi da sanduna masu tazara, in falle ne a huda shi da yawa, in ba haka ba ƙasan katifa zai yi fumfuna.

Oga Sale Mai Walda: A ƙara da yadda ake ɗaurewa. A karo na gudun kilomita 50 a awa, abu yana iya yin nauyinsa sau 20 ko fiye. Batir mai kilo 25 ya zama rabin tan yana tahowa bayan kan direba. Ƙusar da ke cin ƙarfe da kanta ba ta isa ba, girgiza tana sassauta ta. A sa noti irin wanda ake matsewa cikin bodi, M6 ko M8, abu mai nauyi kuma noti ya ratsa daɓe da faffaɗan washa a ƙasa. Kafin a huda ƙasa a leƙa, tankin mai da bututun birki suna nan. Kujerar da mutum zai zauna ana tafiya ba aikin katako ba ce, sai wadda aka ƙera da bel ɗinta.

Musbahu: Saura girki da ruwa. Wasu sun ce a bar gas gaba ɗaya a yi da lantarki.

Injiniya Rabi: Yana yiwuwa, amma murhun lantarki mai 1,500W na rabin awa 750Wh ne, yana jan kusan 140A. Sai an ƙara batir, an sa inbata 2,000W da waya mai kauri.

Baba Ilu Makanike: Kilo ɗaya na gas yana da ƙarfin kusan batir goma masu 100Ah, ko da rabin zafin yana bin iska. A tsarin da kuka lissafa, gas ne daidai. Sharaɗinsa: tukunya a tsaye, a ɗaure, cikin akwatin da aka toshe ta ɓangaren ɗaki, da rami a ƙasansa zuwa waje, domin gas ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya. Ba waya ba batir a cikin akwatin. Bututun jan ƙarfe milimita 8, tiyon roba gajere daga tukunya kawai. Kowace mahaɗa a shafa ruwan sabulu a duba kumfa. Murhu a sayi mai yanke gas da kansa in wuta ta mutu. A kafa ƙararrawar gas a ƙasa-ƙasa, da ta hayaƙin nan marar wari da ke kashe mutum cikin barci, kusa da gado. Ba a ɗumama ɗaki da murhu. Mai bukatar ɗumi ya sa hita ta dizal mai 2kW, salansarta a waje nesa da taga. Mai 5kW ta yi wa mota yawa, kullum a ƙasa za ta riƙa aiki har ta toshe da baƙin hayaƙi.

Hajiya Binta: Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne. Sha da girki da wanke-wanke, a ƙiyasta lita 10 ga mutum a rana, mutum biyu kwana huɗu lita 80. Wanka da shawa zai ninka wannan. Tanki ya zama na ruwan sha, wanda haske ba ya ratsawa don kada ya yi gansakuka, a kafa shi ƙasa-ƙasa kusa da tayoyin baya, batir a ɗaya gefen don mota ta daidaita. A yi masa ƙaramin bututun shaƙar iska, in babu famfo zai tsotse shi ya lotsa. A sa matatar ruwa kafin famfo, ɗan tankin matsi bayansa don ya daina tashi yana mutuwa, da makunni don a kashe shi in za a fita. Ruwan wanke-wanke jarka lita 20 a ƙarƙashin wurin wanki ta isa. Masai kuwa ko mai tankin da ake zarewa, ko mai raba fitsari da bayan gida, wannan na biyun yana son ƙaramar fanka mai fitar da iska waje, kuma ba ya son ruwa a ɓangaren busasshe.

Malam Habu Rewaya: Malam Musbahu, kafin Ɗanlami ya rufe bango, a kunna komai lokaci ɗaya na rabin awa. A auna wuta da mita a kan batir, a sake aunawa a bayan firji, bambancin kada ya wuce 0.4V. A bi kowace mahaɗa da bayan hannu, wadda ta yi ɗumi ba ta matsu ba, a sake ta. Wayoyin cikin bango su bi ta bututun roba, a bar igiya a ciki don jan wata waya nan gaba, kuma kada a yi haɗi ko ɗaya a inda ba za a iya buɗewa ba. A ɗauki hoton kowane bango da tef ɗin awo a jiki, don ranar kafa kabad a san inda ƙusa ba za ta shiga ba.